Barbaɗen da ba kishiya ce ta yi ba

Na san ka sha ganin wannan fitowar a finafinanmu, don da wuya ka kalli uku a jere ba ka ci karo da ita ba. Uwargida ta shigo kicin tana sanɗa, ta waiga dama ta waiga hagu, ta kwance bakin zane ta ciro ɗan ƙulli, ta buɗe kwanon da aka rufe wa maigida ko amarya, ta barbaɗa, ta juya da cokali. Mai kiɗa ya saki sautin nan mai tayar da tsikar jiki. Mu kuma 'yan kallo mu hau salati, masu zagi na yi, masu Allah-ya-isa na yi. Na taɓa ganin wata tsohuwa ta miƙe tsaye gaban talabijin tana daka wa maigidan tsawa, wai kada ya ci. Ba wanda ke jiran malami ya gaya masa matar nan ta yi zalunci. Ta sa wa mutum abu a abinci bai sani ba, shi kuma ya ci ne saboda ya amince da ita.

To, yau ina so ka ɗan dakatar da kallon ka biyo ni kasuwa. Akwai wani barbaɗen da ake yi da rana tsaka, ba sanɗa, ba kiɗa, ba boka, kuma ni da kai muke biyan kuɗinsa.

Kwanakin baya, azumi ya matso, na je sayen wake wurin wani mai hatsi da muka daɗe muna ciniki. Idona ya faɗa kan wani buhu, wake fari tas, manya-manya, ba huda ko ɗaya. Na ce a auno mini kwano biyar. Sai ya dube ni, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, bar wannan, na kasuwa ne. Bari in auno maka cikin wanda nake kaiwa gida." Ya shiga ciki ya fito da wani, bai kai wancan kyau ba, har da 'yan huje-huje nan da can. Na gane abin da yake nufi, na yi ta godiya. Ina tsaye ina ƙirga kuɗi sai ga wata yarinya da roba, ta ce innarta ta aiko ta, kwano uku na ƙosan gobe. Ya auna mata daga buhun kasuwa, ta ɗora a kai ta tafi. Ban ce uffan ba. Sai da na kama hanyar gida na tuna yarana ma kullum da safe ƙosan talla suke karyawa da shi.

Mutumin nan ba mugu ba ne irin mugayen da muka sani. Ba ya fashin jam'i, ba ya tauye mudu, ni kaina alheri ya yi mini. Amma yana da buhu biyu, ɗaya na 'ya'yansa, ɗaya na 'ya'yan mutane. Tambayar da ta hana ni sakat tun ranar ita ce, mene ne bambancinsa da matar fim? Ita ta san wanda za ta cuta, shi bai sani ba. Ita halaka take nufi, shi riba yake nema. Shin rashin sanin sunan wanda za ka cuta yana wanke ka? Ni kuma da na karɓi mai kyau na yi shiru, ina matsayina?

Me ya kai shi?

Kafin a yanke masa hukunci, adalci ne a ji uzurinsa. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita, kuma mafi yawansa a nan Arewa ake noma shi. Wake kuwa yana da abokin gaba da ke biyo shi tun daga gona. Ƙwaron nan ɗan mitsitsi yana dasa ƙwansa a jikin kwanso ko a jikin ƙwayar, tsutsar ta huda ta shige ciki tana ci, cikin kamar wata guda ta fito ta zama ƙwaro, ita ma ta yi nata ƙwan. Buhun da ka ajiye da kaka yana sheƙi, in ba ka yi masa dabara ba, kafin ruwa ya sauka ya koma gari. Ga shi da kaka farashi ƙasa yake, sai an kwana biyu yake tashi. Saboda haka duk wanda ya zuba jarinsa a wake tsere yake da ƙwaro, kuma in ƙwaro ya riga shi, ba mai tausaya masa.

Sai ya kai hannu ga abin da ya fi kusa kuma ya fi araha. Wani ya yayyafa fiya-fiya, wani ya tsiyaya Sniper ya gauraya da hannu. Sinadarin da ke cikinsu, wanda masana ke kira DDVP, jijiyoyin jiki yake kamawa, kuma yadda yake yi wa ƙwaro haka yake yi wa mutum in ya yi yawa: dalalar miyau, gumi, amai da gudawa, sarƙewar numfashi, wani lokaci har da jijjiga. Wani kuma ya jefa ƙwayar nan mai fitar da iska mai guba. Ita an yi ta ne don sito mai rufe, a naɗe ta, a ba ta kwanakinta, sannan a buɗe a sha iska kafin a taɓa hatsin. Amma sai ka ga an jefa ta tsirara cikin buhu, an jingine buhun a ɗakin da yara ke kwana.

Ba tatsuniya nake ba ka ba. A shekarar 2008, a ƙaramar hukumar Bekwarra ta jihar Kuros Riba, an kwantar da mutum sama da 100 a asibiti bayan sun ci wake da alala, yara biyu suka rasu. A wannan shekarar dai, ɗalibai mata sama da 100 na wata makarantar sakandare a jihar Gombe suka kwanta bayan sun ci wake, bincike ya nuna gamalin ne a ciki. Daga nan hukumar NAFDAC, lokacin marigayiya Dora Akunyili na shugabantarta, ta haramta magungunan gona guda 30. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Nijeriya, daga baya ma ta ƙara wa'adin. Dalilinsu, ƙa'idarsu ba ta yarda DDVP ya wuce miligiram 0.01 a kilo guda ba, amma an auna wakenmu an samu daga 0.03 har zuwa 4.6. Yi lissafi da kanka, na ƙarshen nan ya ninka ƙa'idar sau 460. Wake ɗaya ke ɓata gari, ya shafa wa manoman kirki kashin kaji. Amma abin da ya fi damuna ba kasuwar Turai da muka rasa ba ce. Waken da Bature ya ƙi, wa ya cinye shi?

Kuma ba wake kaɗai ba. Akwai mai nunar da ayaba da mangwaro da kabayid, farin dutsen nan da masu walda ke aiki da shi, ya ƙulle shi cikin kaya ya rufe, a wayi gari bawo ya yi rawaya alhali ciki bai nuna ba. Akwai mai zuba gamalin a tafki kifi ya taso, ya kwashe ya kai kasuwa. Akwai mai fesa wa bandar kifi magani don kada ƙwari su ci. Akwai mai lambu da zai yi feshi da yamma ya tsinki tumatir da safe, alhali a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka. Irin wannan ba kasafai take kayar da mutum nan take ba, shi ya sa ba ma tsoronta. Kaɗan-kaɗan take shiga. Gamalin, alal misali, maiƙon jiki yake bi ya zauna, har a nonon uwa ana samunsa, kuma a 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sinadarinsa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum kansa.

Kada mu zagi magani

Kada ka ɗauka cewa nake yi maganin ƙwari aikin shaiɗan ne. Wanda ya gano cewa DDT na kashe ƙwari, wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Paul Müller, lambar yabo ta Nobel aka ba shi a 1948, saboda maganin ya ceci ɗimbin jama'a daga zazzaɓin cizon sauro da cututtukan ƙwarƙwata. An yi shekaru ana fesa shi ba ji ba gani kafin wata mata Ba'amurkiya, Rachel Carson, ta fitar da littafinta a 1962 tana nuna yadda yake taruwa a jikin kifi da tsuntsaye da mutane. An zage ta, an ce ba ta san abin da take yi ba. Shekara goma bayan haka, a 1972, Amurka ta hana amfani da shi a gonaki. A 2001 ƙasashen duniya suka rattaba hannu a birnin Stockholm kan daina irin waɗannan sinadarai masu daɗewa ba su ruɓe ba, a 2009 aka ƙara da sinadarin gamalin. Abin lura a nan shi ne, amfanin magani a rana ɗaya ake ganinsa, illarsa kuwa sai an shekara da shekaru. Ɗan Adam kuma abin da ya gani yau shi yake yi wa hukunci.

Ka tuna 2016, lokacin da ƙwaron da manoman Kadawa ke kira sharon ya faɗa wa tumatir a Kano da Kaduna da Katsina. Gona guda takan ƙone cikin 'yan kwanaki kamar an sa mata wuta, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, matan gida suka koma miyar gwangwani. Je ka gaya wa manomin da ya ci bashi ya yi noman rani cewa kada ya yi feshi, ka ji amsar da zai ba ka. Ko ka dubi ƙasar Siri Lanka, inda gwamnati ta tashi rana ɗaya a 2021 ta hana shigo da takin zamani da magungunan gona, wai kowa ya koma noman gargajiya. Shinkafa ta yi ƙasa, abinci ya yi tsada, kafin shekarar ta ƙare suka janye dokar. Yunwa ma kisa take yi, kuma ta fi guba sauri.

Don haka maganar ba a yi feshi ko kada a yi ba ce. Maganar ita ce wane magani, nawa, yaushe, kuma wa aka gaya wa.

Laifin wa?

Akwai labarin da kusan duk ɗan Islamiyya ya sani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tsibin sai ya ji danshi a ƙasa. Ya tambaye shi, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai aka nuna masa cewa kamata ya yi ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, kuma aka yi kashedi mai tsanani a kan algus. Dubi labarin da kyau, mai karatu. Ba a zarge shi don ruwa ya jiƙa hatsinsa ba, ruwa ba shi ya saukar da shi ba. Ɓoyewar ce laifin. Haka mai wakenmu. Ƙwaro ba shi ya halicce shi ba, kuma kare dukiyarsa ba zunubi ba ne. Amma a ce ya rubuta a jikin buhun, "An zuba wa wannan fiya-fiya shekaranjiya," mutum nawa za su saya? Ya san ba ko ɗaya. Ashe ke nan ba wake yake sayarwa ba, rashin sanin mai saye yake ci. Duk cinikin da zai rushe idan aka faɗi gaskiya, da ma ba a kan yarda aka gina shi ba.

Ga kuma ma'auni mai sauƙi da ba ya buƙatar ɗakin gwaji: abin da ba za ka zuba wa ɗanka ba, me ya halatta maka zuba wa ɗan wani? Ranar da mutum ya ware buhun gida daban, ranar ya yanke wa kansa hukunci da hannunsa. Ba zai ce bai sani ba, don sanin ne ya sa ya ware.

Shi dai yana ganin ya tsira, amma ramin mugunta aka ce a gina shi gajere. Mai wake ya kai wa iyalinsa waken kirki, sai matarsa ta yi miya da tumatirin da aka fesa jiya. Mai tumatir ya tsinko na gida daga kunyar da bai fesa ba, sai ya tsaya a hanya ya saya wa yara ayabar kabayid. Mai ayaba ya ware wadda ta nuna don kanta, da safe 'yarsa ta sayo ƙosan wancan wake. Kowa na da buhun gida a sana'arsa, amma ba wanda ke da shi a dukkan sana'o'i. Mun zama kamar mutanen da suka zauna a da'ira, kowa na barbaɗa wa na damansa, yana murna kwanonsa lafiya lau.

Yanzu in juyo kanka, don in ɓera da sata daddawa ma da wari. Wa ya koya wa ɗan kasuwa cewa huda ɗaya a wake asara ce? Ni da kai. Mu ne ke ɗaga kabeji mu juya, da mun ga inda tsutsa ta ɗan taɓa mu ajiye. Mu ne ke tsallake ayaba mai ɗigo-ɗigo mu ɗauki wadda ta yi rawaya sumul kamar an shafa mata fenti. Mu ne kuma ke taya kaya har sai mai shi ya ce da ma ban fito ba. Muna son mai kyau, muna son mai araha, muna son sa a kowane wata na shekara, ba ma tambayar yadda aka yi. Ƙwaro ya ga wake ya guje shi, mu masu hankali muka ce shi muke so. Ban ce duk mai huda ne mai lafiya ba, don wani sai bayan ƙwaro ya fara ci ake zuba masa maganin. Amma idonmu ya zama alƙalin kasuwa, kuma alƙali ne mai sauƙin ruɗa.

Akwai wani kuma da ba a cika tunawa da shi ba, wato yaron da ke goye da famfon feshi. Ƙafa ba takalmi, hanci ba kariya, ya dama magani da hannu, in bakin famfon ya toshe ya sa baki ya hura. In an gama, a ɗauraye jarkar a mai da ita ta ruwan sha ko ta man gyaɗa. Kai abin da ya rage a jikin tumatir kake tsoro, shi kuwa a ciki yake wanka. Gargaɗin da zai cece shi yana nan a jikin kwalbar, amma da Turanci ko Faransanci, cikin ƙananan baƙaƙe. Kamfanin da ya iya kai maganinsa har ƙauyen da ba asibiti, ya kasa rubuta gargaɗi da Hausar boko da ajami? Hukuma ma tana da nata kason. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Doka ce mai kyau, amma doka ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta an kai ta kasuwa.

Abincin masu hali

A ƙasashen Turai da Amurka, da wasu manyan kantunan Abuja da Legas, an samo wata mafita. Akwai ɓangaren da ake jera abincin da suke kira oganik, wato wanda aka noma ba takin zamani, ba maganin ƙwari na kamfani, kuma wata hukuma ta bi gonar ta duba ta buga masa hatimi. Kuɗinsa ya fi na sauran. Abin dariyar shi ne, ɗaya daga cikin iyayen wannan tafiya, wani Bature ɗan Ingila mai suna Albert Howard, an tura shi Indiya ne ya koya wa manoma aiki, sai ya ƙare da koyon haɗa taki daga gare su. Mu ma ai mun san abin. Manoman kewayen Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna kwasar takin birni a mangalar jaki suna kaiwa gona, suna haɗa gero da wake a kunya ɗaya, suna barin gawo a tsakiyar gona don ganyensa taki ne. Kakarka takan gauraya wake da toka ko yashi, ta zuba barkono ko ganyen darbejiya, ta liƙe bakin tulu da laka. Abin da talaka ya ci don ba shi da wani, yau an sa masa hatimi ya koma na masu hali.

Shin laifi ne mutum ya nemi irin wannan abinci in yana da iko? Ko kusa. Kare lafiyar iyali wajibi ne, kuma duk kuɗin da ka ba manomin da ya bi ƙa'ida ƙarfafa masa gwiwa ka yi. Sai dai a kula da abu biyu.

Na farko, ba duk abin da aka ce na gargajiya ne ke da lafiya ba. Gyaɗa ko masarar da ba ta bushe sosai ba takan yi fumfuna, fumfunar nan kuma tana fitar da wata guba mai lalata hanta, ba wanda ya fesa ta. A 2004 ta kashe mutum 125 a ƙasar Kenya ta hanyar masara. Latas ɗin da aka yi wa ban-ruwa da ruwan kwata ko ruwan da masana'antu suka sako, ko ba a taɓa fesa shi ba, ba abin yabo ba ne. A ɗaya gefen kuma, manomin da ya sa maganin da ya dace, gwargwadon da aka ce, ya jira kwanakin da aka rubuta, abincinsa ba abin gudu ba ne. Kada tsoro ya sa ka hana yaranka ganye da 'ya'yan itatuwa, wannan ma wata cutar ce.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai. Wanda ya shiga kanti ya sayi mai hatimi ya fito, abin da na yi a rumfar mai hatsi shi ya yi. Ya karɓi na buhun gida, ya bar yarinya da na kasuwa. Ya tsirar da kansa, amma buhun yana nan, kuma za a cinye shi. Wa zai ci? Almajiri, da ɗan makarantar kwana, da fursuna, da majinyaci a asibiti, da lebura mai cin garau-garau a bakin titi. Wato duk wanda ba shi da zaɓi a kan abin da aka zuba masa. Ranar da muka yarda cewa abinci marar guba kayan alatu ne kamar leshi, mai kuɗi ya saya marar shi ya haƙura, ranar mun yarda cewa wani ciki ya fi wani daraja. Ni dai ban ga inda addininmu ko al'adarmu suka ce haka ba.

To, mene ne abin yi?

Abin farin ciki, ta fuskar wake dai an daɗe da samun magani, kuma ba guba a cikinsa. Ƙwaro numfashi yake yi kamar kowa, in ka hana shi iska ya mutu. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru sun gwada wannan tun wajejen ƙarshen shekarun 1980, daga 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, kowanne a ɗaure shi tamau. Jarka ko duro mai murfi, in an busar da waken sosai an cika ta fal an toshe, ita ma haka take yi. Dabarar tulun kaka ce aka sake wa riga. Buhun ya fi na kullum tsada, gaskiya ne, amma in ɓera bai huda shi ba ana maimaita shi shekara da shekara.

Kai kuma mai saye, fara da tambaya. Ka ce da mai hatsi, "Da me aka ajiye wannan?" Ko ya yi maka ƙarya, ya san an fara tambaya, kuma kasuwa tana jin abin da ake yawan tambaya. Ka sunsuna, in ka ji warin magani ka bar shi. In kana da hali ka sayi na shekara da kaka, ka adana da kanka. Ki wanke ganye da tumatir da ruwa mai yawa, ki cire ganyen kabeji na waje, ki fere abin ferewa, ki tafasa wake ki zubar da ruwan farko. Wannan yana ragewa, ko da yake ba ya cirewa duka, don wani maganin cikin tsokar yake shiga. Sannan mu koyi yafe wa abinci 'yar tawaya. In manomi ya kawo wanda bai sha magani ba, kada mu saka masa da tayin wulaƙanci.

Shugabannin kasuwa da sarakunan noma su sani wannan aikinsu ne, don su ne suka san rumfar da ake yi da wadda ba a yi. Malamai sun yi mana wa'azin tauye mudu har mun haddace, muna roƙon su haɗa da wannan, don wanda ya rage maka awo kuɗinka ya ci, wanda ya zuba maka fiya-fiya kuwa lafiyarka ya taɓa. Ku kuma 'yan fim da marubuta, kun nuna mana kishiya da ƙullinta har mun gaji. Ga labari nan a gabanku: alhajin da ya tara dukiya da waken magani, ranar walimar 'yarsa aka yo odar alala daga waje. Sauran ku ƙarasa.

Na koma wurin abokin cinikina bayan salla, na yi masa maganar. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, kowa haka yake yi. In na bari ni kaɗai, karyewa zan yi." Na ce masa ai ranar hisabi ba a kiran kowa, ɗaya-ɗaya ake kira. Ya ce gaskiya ne. Ban san ko ya daina ba. Amma ni ma na tafi da nawa nauyin, don yarinyar nan a gabana aka auna mata, kalma ɗaya ta ishe ni, ban faɗa ba.

Mai karatu, duk lomar da ka kai baki amana ce ta bi hannu goma kafin ta iso gare ka, kuma ba ka ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Kai ma a taka sana'ar wani yana cin abin da ka miƙa masa ido rufe. Ka duba, buhu nawa ne a rumfarka?

Allah ya ciyar da mu halal mai tsarki, ya kare mu daga cutar da wani ko a cuce mu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.